Mahasin da lilon Shahd

Mahasin Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar Gadarif. Kakanninta daga wajen Haɗejiya suka taso da ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya yanke musu a hanya, suka tsaya noman dawa da riɗi, daga nan zama ya kama su. Ita ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma da Hausa aka rene ta, Hausar da Larabci ya ratsa ta ta ko'ina. A 2006 ta iso Alƙahira tare da mijinta Hamad da ɗansu Jamal, lokacin yana ɗan shekara huɗu. Suka kama ciki da falo a saman wani bene a Ard al-Liwa, unguwar da layin dogo ne kawai ya raba ta da unguwar Muhandisin. Hamad ya sami aiki a wani shagon walda a ƙarshen layinsu. Ita kuma kullum da sassafe sai ta naɗa tob ɗinta, dogon mayafin nan na matan Sudan, ta tsallaka gadar jirgi zuwa Muhandisin, ta share wani ofishin injiniyoyi, ta wanke kofuna, ta dafa musu shayi, ta dawo gida kafin azahar.

Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta son a ji tausayinta. In abu ya dame ta ba ta faɗa. Sai dai a ga ta kwashe tukwanen da ta riga ta wanke ta sake wanke su.

A Alƙahira aka haifi 'yarta Shahd, farkon 2008. Tana jaririya mata har sha'awar Mahasin suke yi, wai ta haifi 'ya marar rigima, inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta. Sai da ta haura shekara biyu aka fara kallon juna. A kira sunanta ba ta waiwayowa. Ba ta kallon idon kowa, har na uwarta. A kan yatsun ƙafa take tafiya, kuma banda gefen burodi da farar shinkafa ba abin da ke shiga bakinta. Da farko an ɗauka kurma ce. To amma mai sayar da tukunyar gas in ya shigo can farkon layi yana buga ƙarfe a jikin tukwanensa, tun kafin kowa ya ji, Shahd ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin gado.

Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka kai ta wurin masu ruƙiyya. Daga baya suka je wani asibiti a Giza, likita ya duba ta, ya ce sunan abin tawahhud. Mahasin ta tambaye shi wata nawa za a yi ana shan magani. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce mata ba irin wannan ciwon ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwar yarinyar, mai yiwuwa ta yi magana wata rana, mai yiwuwa kuma ba za ta yi ba. Maƙwabciyarsu Nana Aisha, 'yar Gusau da mijinta ke karatu a jami'a, ta ce a can gida wasu galahanga suke ce masa. Nana Aisha ce take riƙe Shahd da safe in Mahasin ta tafi aiki, domin a duk benen ɗakinta ne kaɗai yarinyar ta yarda ta shiga.

Da aka yi juyin juya hali a farkon 2011, ofishin Muhandisin ya rufe na wani lokaci, da aka buɗe ma ba kullum ake neman Mahasin ba. Hamad kuwa aiki ya yi masa yawa, saboda kowa a gari ƙofar ƙarfe yake nema. Jamal ya daɗe yana naci a kai shi malahi, wato babban filin wasan nan da ke bayan gari, mai jiragen ƙasa na yara da motocin karo da liluka iri-iri. Duk 'yan ajinsu sun je, shi kaɗai ne bai je ba. Wata ranar Talata da bazara ta kama, babu aiki babu makaranta, Mahasin ta ce ya saka takalmansa. Nana Aisha ta je awo ran nan, don haka dole aka tafi da Shahd. Suka hau mikrobas, ƙananan motocin haya na gari, suka canja wata a Giza, har gidaje suka ƙare aka fara ganin yashi.

Ba su tarar da kowa ba sai ma'aikata. Mutane na tsoron fita da iyali a watannin nan. Yawancin injinan a kashe suke, ba kiɗa, ba shela, masu sayar da gugguru suna zaune a inuwa suna hamma. Jamal ya ruga wajen motocin karo. Mahasin ta bi shi a hankali da Shahd a hannu, sai ta ji yarinyar ta turje. Ta tsaya ne a gaban wani ƙaramin lilo mai kewayawa: 'yan kujeru masu launi rataye da sarƙa a jikin wata babbar laima ta ƙarfe, in an kunna sai laimar ta juya, kujerun su buɗe suna shawagi. Iska ce kawai take ɗan kaɗa su a lokacin.

Mai kula da lilon wani dattijo ne mai furfura a gashin baki. Ya ce a ɗora ta mana, ai zaman banza yake yi. Mahasin ta yi jinkiri, don Shahd ba ta yarda baƙo ya matso kusa da ita. Ita da kanta ta zaunar da ita, ta sauke ƙarfen da ke tare ciki. Dattijo ya kunna. Kujerar ta ɗaga, ta fara zagayawa, ita kaɗai ce mai mutum a ciki.

A zagaye na farko Shahd ta ƙanƙame sarƙa. A na gaba ta saki hannu ɗaya. Can sai Mahasin ta ji wata murya da ba ta sani ba, ta waiga tana neman ɗan wa ke dariya, ashe 'yarta ce. Dariya take yi da dukkan bakinta, kanta a baya, kitsonta na tashi. Kuma duk lokacin da kujerar ta biyo ta gaban uwar sai ta dube ta, ido cikin ido, kafin ta wuce.

Da lilon ya tsaya, dattijon ya sunkuya ya tambayi yarinyar cikin wasa, da Larabcin Masar, ko a ƙara. Kalma ɗaya ce: “Tani?”

“Tani,” in ji Shahd.

Mahasin ta dafa shingen ƙarfe. Ba ta yarda da kunnenta ba. Jamal, wanda ya dawo yana tsaye a bayanta, ya ja wa uwarsa tob ya ce, “Yumma, kin ji? Ta yi magana.”

Dattijon bai san abin da ya faru ba. Ya sake kunnawa kawai. Ran nan Shahd ta hau har sai da la'asar ta yi, kuma duk tsayawa sai ta faɗi kalmar.

A gida Hamad ya saurari labarin yana wanke baƙin walda daga hannunsa. Bai ƙaryata ba, amma ya so ya ji da kunnensa. Suka zauna a ƙasa su uku suka kewaye ta. A ba ta gefen burodi, a riƙe sauran, a ce tani. A ɗaga ta sama a sauke, a ce tani. Shahd ta zame daga tsakiyarsu ta koma lungunta tana murza murfin tukunya a kan siminti. Aka gwada washegari, aka gwada har sati ya zagayo. A gida ba ta taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya. Amma duk ranar da Mahasin ta samu sarari ta mayar da ita malahi, da zarar lilo ya tsaya kalmar za ta fito tsaf, kamar an ajiye ta a wurin ne ana jiran su. Shekarar nan sun je sau da dama. Mahasin ta sa a ranta cewa in aka daure, wata rana kalma ta biyu za ta biyo ta farko.

Sai gari ya fara komawa daidai, mutane suka dawo. A ƙaramar sallar 2012 Jamal ya roƙa a je ranar da kowa ke zuwa, a gan shi da sababbin kayansa. Mahasin ta ga yaron ya yi haƙuri da yawa, ta amince. Tun daga bakin ƙofa ta gane ta yi kuskure. An kafa manyan lasifika a kowace kusurwa, kowacce da kiɗanta. Samari na busa ƙaho na roba, yara na harba 'yan bindigogin wasa, wani na ta shela a makirfo yana neman iyayen yaron da ya ɓata. Shahd ta toshe kunnuwa ta fara wani gunji daga maƙogwaro, amma ba ta ja da baya ba. Gaba take jan uwarta, ta san hanya.

A wajen lilo layi ya miƙe har ya lanƙwasa. Shahd ba ta san layi ba. Abin da ta sani shi ne ga kujerarta can, wani yaro yana kai. Ta kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane, Mahasin ta kamo ta. Ta fizge, aka sake kamo ta. Daga nan ta zube a ƙasa tana ihu, tana buga ƙeyarta a kan dutsen daɓe. Mahasin ta durƙusa ta sa tafin hannunta tsakanin kan da dutsen, yarinyar ta juyo ta gartsa mata cizo a tsintsiyar hannu, ta ƙi saki.

Mutane suka yi da'ira. Wata ta ce a yayyafa mata ruwa. Wani ya ce rashin duka ne, shi da 'yarsa ce da mari ɗaya ya isa. Wata tsohuwa ta fara karanta Falaƙi da Nasi tana tofa wa yarinyar, da kyakkyawar niyya, amma kusantowarta ta ƙara rura abin. Daga baya-baya wasu samari suna dariya suna kiran Mahasin da sunan da ake tsokanar baƙaƙe da shi a titi. Dattijon lilo ya hango su ta saman kawunan jama'a, ya ɗaga hannu alamar ma'alish, sai haƙuri, shi ma iyaye sun yi masa caa.

Mahasin ta saɓa 'yarta a kafaɗa tana harbe-harbe, tob ɗin ya warware yana jan ƙasa, Jamal ya bi su a baya riƙe da gefensa da takalmin ƙanwarsa ɗaya. Bai hau komai ba ran nan. A cikin mikrobas ya juya fuskarsa wajen taga. Sai da suka kusa gida ya tambaya, ba tare da ya waiwayo ba, ko Shahd za ta warke kafin ya girma. Mahasin ta ce Allah ne masani.

Da wata uwar ce, da ta daina zuwa daga ranar. Mahasin ma ta yi niyyar haka. Amma ta kasa, domin a duk faɗin Alƙahira wurin nan ne kaɗai take jin muryar 'yarta. Sai ta shiga dabaru. Ta cusa mata auduga a kunne, Shahd ta zaro ta jefar. Nana Aisha ta samo musu wani babban abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, yarinyar ta ƙi yarda ya taɓa kanta. Ta gwada zuwa tun kafin a buɗe ƙofa, sai ta tarar tsayuwa a gaban rufaffiyar ƙofa ma wani layin ne, kuka ya fara tun ba a shiga ba. Ta gwada tsakiyar mako, wani lokaci a dace, wani lokaci a ci karo da motocin makarantu cike da ɗalibai. Ba yadda za a yi ta sani sai ta isa.

Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta nemi ganin wani babba a ofishin wurin. Ta yi masa bayani da Larabcinta na Sudan cewa ba alfarmar komai take nema ba, illa a bar yarinyar ta hau ba tare da bin layi ba. Mutumin ya saurare ta da mutunci. Ya dubi Shahd, wadda ke tsaye tana kaɗa yatsunta a gaban fanka, ya ce masha Allah, ai lafiyarta ƙalau, ga ƙafa ga hannu. Ya ce in ya yi wa ɗaya, kowace uwa za ta zo ta ce nata ma ba ya iya jira, ya rasa yadda zai bambance. Mahasin ta yi godiya ta fito.

A ƙarshen zafin 2013 gari ya sake rikicewa. Aka zubar da jini a tituna, aka sa dokar hana fita da dare, kowa ya kulle iyalinsa a gida. Hamad ya ce kada wanda ya yi nisa da unguwa. Mahasin ta yi biyayya na ɗan lokaci. Wata safiya tana shara a ofis ta ji injiniyoyi na hira cewa wuraren shaƙatawa duk sun zama kufai, ma'aikata na zaune ba aikin yi. Nan take lilon Shahd ya faɗo mata a rai. Da ta koma gida ta ɗauki Shahd suka wuce shingayen sojoji har bayan gari.

Wurin shiru kamar ranar farko. Dattijon na nan, ya rame. Shahd ta hau, ta yi dariya, ta ce tani. A hanyar dawowa Mahasin ta kama kanta tana fatan kada mutane su yi saurin fitowa, sai ta tuna dalilin da ya sa ba sa fitowa, ta yi ta istigfari har gida. Ga Nana Aisha kaɗai ta faɗa wa wannan. Nana Aisha ta saurara, ta zuba mata shayi.

Wannan sararin ma bai daɗe ba. Kafin shekara ta zagayo jama'a sun dawo fiye da da, ga Shahd ta yi tsawo ta yi nauyi. Mahasin ba ta iya saɓa ta in abin ya motsa. Wata rana a tashar mota sai da wasu mata biyu suka taimaka mata kafin ta iya raba ta da tsakiyar titi. Ta ce wa Hamad ba za ta ƙara iya zuwa ita kaɗai ba. Hamad kuwa Juma'a ce kawai ranar hutunsa, kuma Juma'a ce ranar da malahi ya fi cika. Suka daɗe suna juya maganar. Shi har lokacin bai taɓa jin muryar 'yarsa ba sai a labari. A ƙarshe ya ce su je, in an sauko daga masallaci.

Suka shirya yadda za a yi. Mahasin da Jamal za su tsaya a layi, shi kuma ya riƙe Shahd can nesa bayan wani kanti inda ba ta hango lilon, sai layi ya zo a yafuto shi. Da farko abin ya tafi daidai. Amma Shahd ta san inda take. Ta fara ja, ya riƙe. Ta fara ihu, ya ɗauke ta cak ya nufi wajen ƙofa da ita inda hayaniya ta yi sauƙi, tana yaƙushin fuskarsa tana miƙa hannu baya.

Masu gadi biyu suka tare shi. A shekarun nan ana yawan maganar satar yara, kuma abin da suka gani shi ne ƙato da jini a kumatu yana sauri da yarinya tana neman ƙwacewa. Suka ce ya sauke ta. Ya ce 'yarsa ce, in ya sauke ta za ta ruga. Suka ce ya sauke ta dai. Ɗayan ya riƙe masa hannu, ɗayan ya tsuguna a gaban Shahd ya tausasa murya.

“Ya habibti, wannan babanki ne?”

Shahd ba ta dube shi ba, ba ta dubi Hamad ba.

“Faɗa mini, kada ki ji tsoro. Kin san mutumin nan?”

Hamad ya ce ba ta magana. Mai gadin ya ce ba da shi yake ba. Mutane suka fara taruwa, wani ya cakumi wuyar rigarsa ta baya. Hamad ya kira sunanta, ya sake kira, ya yi mata magana da Hausa yadda yake yi mata a gida. Yarinyar ta toshe kunnuwa tana kallon wani wuri can sama da kawunansu.

Jamal ne ya hango taron ya kira uwarsa. Suka bar layin da ya kusa zuwa kansu suka rugo. Da masu gadin suka ga Mahasin, suka ga yadda yarinyar ta cusa kai cikin tob ɗinta, suka saki Hamad. Suka ba shi haƙuri sosai, ɗaya har ya kawo masa ruwa ya wanke fuska. Suka ce ai don kare 'ya'yan mutane suke yi, shi ma ya san haka. Hamad ya ce ya sani.

Ba su koma wajen lilo ba. A mota ya ɗora Shahd a cinyarsa, ta yi barci saboda gajiya. Can ya ce da matarsa, a hankali don kada Jamal ya ji, “Ummu Jamal, ba laifinsu. Ko ni ne haka zan yi. Amma kada ki sake cewa in zo wurin nan.”

Ba ta sake ce masa ba.

Zuwansu na ƙarshe a farkon 2015 ne, cikin sanyi. Mahasin ta nemi hutun yini a ofis, ta zaɓi ranar da aka tashi da yayyafi, don ta san Misirawa ba sa fita in ana ruwa. Nana Aisha ta raka ta saboda riƙo. Suka dace, ba kowa. Amma dattijon ba ya nan, wani ne a wurinsa, ya ce tsohon ya koma ƙauyensu. Ya dubi Shahd ya ce ta wuce wannan lilon, na ƙananan yara ne. Mahasin ta roƙe shi a gwada. Ya ga ba kowa, ya yarda. Ta zaunar da ita, gwiwoyinta suka tokare, ƙarfen da ke tare ciki ya ƙi sauka. Ta danna, ta gyara mata zama, ta cire mata rigar sanyi, ya ƙi. Mutumin ya ce ba zai kunna ba ƙarfe a buɗe, in ta faɗo shi za a kama. Ya nuna musu babban lilo na manya can gefe, wanda ke tashi sama da rufin gini. Mahasin ta ɗaga kai ta dube shi. Kowa kujerarsa daban, ba mai riƙe wani, kuma Shahd ta iya kwance duk wani maɗauri da aka taɓa ɗaura mata.

Mahasin ta sauko da ita tana jiran ihu. Ihun bai zo ba. Shahd ta tsaya a jikin shinge ta kama ƙarfe da hannu biyu tana kallon kujerun, yayyafi na sauka a kanta. Suka daɗe a haka. Mahasin ta tsuguna kusa da kunnenta ta faɗa mata kalmar, ko za ta maimaita. Ba ta maimaita ba. Daga baya Mahasin ta ce wa Nana Aisha da ma ihun ta yi, da ta san abin da za ta yi da shi.

Hamad ya ji abin da ya faru. Ya tara guntayen ƙarfe a shago, ya haɗa lilo mai faɗin kujera, ya shafa masa fenti, shi da abokan aikinsa suka hau da shi rufin bene. Shahd ta zauna a kai sau ɗaya. Ya tura ta gaba, ta dawo baya, ya sake turawa. Ta sa ƙafa ta tsayar da shi, ta sauka ta nufi matakala. Wannan gaba da baya yake yi, ba ya kewayawa. Ya ce zai nemo yadda zai sa ya juya, ya kwana biyu yana zane a kan kwali, amma abin na buƙatar inji da filin da rufin ba shi da shi. 'Ya'yan maƙwabta ne suka ci moriyar lilon.

Cikin shekarar Shahd ta cika bakwai. Makarantun unguwa ba wadda ta karɓe ta, cibiyoyin da ke koyar da irinta kuma suna can wani gefen gari da Mahasin ba ta iya kai ta kullum ta kuma riƙe aikinta. Jamal ya zama saurayi, ya fara zuwa malahi da abokansa. In ya dawo ba ya ba da labari, ita ma ba ta tambaya.

Wajen ƙarshen shekara mijin Nana Aisha ya kammala karatu, suka fara ɗaure kaya za su koma Gusau. A makon ne Hajja Fatna, mahaifiyar Hamad, ta bugo waya daga Gadarif. Ta ce ta ji halin da ake ciki, a kawo mata yarinyar. Gidanta da fili, ga inuwar dalbejiya, ga awaki, ba mota ba lasifika, kuma mata sun yi yawa a gidan, ba za a rasa mai ido a kanta ba. Mahasin ta ce, “To, Hajja. Allah ya saka da alheri. Za mu yi shawara.”

Ta san gidan. Ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa game da shirun. Ta kuma san gidan ba ƙofar da ake kullewa, ga rijiya a bayan ɗaki, kuma ba wanda zai gane cewa in Shahd ta tsaya a gaban tulu ba ta taɓa shi ba, ƙishirwa take ji. Su bi ta gaba ɗaya kuma ba zai yiwu ba, karatun Jamal da sana'ar Hamad duk a nan suke. Ta bar aiki ta zauna da ita, abin da Hamad ke samu ba zai riƙe gidan ba.

Ranar tafiyar Nana Aisha suka taya ta sauko da akwatuna har bakin titi. Ta rungume Mahasin suka yi kuka, ta shafa kan Shahd, yarinyar ta kauce. Da tasi ta tashi suka hau sama. A hawa na uku Shahd ta saki hannun uwarta ta je ta tsaya a ƙofar ɗakin Nana Aisha da aka kwashe, tana jira a buɗe mata. Hamad ya tsaya a matakala yana kallonsu. Ya tambayi matarsa me ta yanke game da maganar Hajja, don gobe da safe akwai aiki, kuma yanzu ba mai riƙe Shahd.

“Ban sani ba, Abu Jamal,” ta ce. “Wallahi ban sani ba.”

Ya gyaɗa kai ya wuce sama. Ita kuma ta zauna a kan matakala kusa da 'yarta, tana jira ta gaji da tsayuwa.